Suga lafiya lau, amma an ce kitsen jinina ya hau kuma yaron ciki ya yi girma

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema dan wlh jiya ban runtsa ba. Cikina wata bakwai, sati 30 a lissafin asibiti, haihuwa ta uku kenan. Satin da ya wuce na je awo aka min sikanin, likitan ya ce yaron ya fi girman satinsa, ya tambayi nauyin na baya na ce Hanifa kilo 3.4 ta zo Khalil kuma 4.3, kawai sai ya ajiye biro ya tsaya yana kallona. To ni an min gwajin suga tun ina sati 26, irin wanda ake ba ki ruwan gulukos ki shanye a ɗebi jini sau uku, aka ce lafiya lau. Shi ne ya sake tura ni gwajin kitsen jini, jiya na karɓo risalt wai wani abu tiraigilisaraid nawa 320 ne, ya ce in rage zaƙi da biredi da lemon kwalba. Abin da ya ɗaure min kai, in kitse ne ya hau ai mai za a ce in rage ko?? Sannan ina ruwan kitsen jinina da girman yaro. Hajiyar su Abban Hanifa ta kira daga Kano ta ce in bar biye wa likitocin Legas, yaro ƙato ai tubarkallah ake cewa. Ni kuwa ɗinkin da na sha a haihuwar Khalil ni kaɗai na san shi.

Hajiya Inna, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, surukarki ta yi gaskiya. Ni tara na haifa, bakwai a ɗaki, ba wanda aka ɗora a sikeli. Na shidan da ya faɗo sai da ungozoma ta yi salati saboda girma, yau ga shi can yana jan tirela daga Apapa zuwa Kano. Abin da muka sani ake gudu shi ne zaƙi, shi ke tare hanya ya sa naƙuda ta yi tsawo. In kin shiga watanki ki nemi maganin zaƙi ki sha ya zube, ki yawaita dabino, shi kenan. Allah ya raba lafiya.

Ummu Sudais, Mile 12:
nidai wlh bana yarda da asibitocin kudin nan, da sunga mace da ciki sai yaro yayi girma yaro ya kwanta a karkace yaro yayi kaza duk dan a karshe suce sai anyi aiki su caji mutum. ni cikin sudais haka akace min zai kai 4.2 na dinga kuka mijina har ya fara neman bashi a kasuwa, ranar haihuwa ya fito 3.5 da kaina na haifeshi ko kari ba'a min ba. maman hanifa kici abincinki

Sista Rabi, Ketu:
Salam. Ni ungozoma ce ta asibiti, shekarata 14 a ɗakin haihuwa, bari in ɗan sa baki. Ummu Sudais abin da ya faru da ke yana faruwa, sikanin ba sikeli ba ne, auna kai da ciki da ƙashin cinyar yaro ake yi na'ura ta yi ƙiyasi, kuma a ƙarshen ciki tana iya kuskure da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ko sama ko ƙasa. To amma ke yaranki na baya ba su wuce 4 ba ai. Ita wannan baiwar Allah ta riga ta haifi 4.3, kuma wadda ta taɓa haifar babba ita aka fi sa wa ido a ciki na gaba. Mu a wajenmu daga kilo 2.5 zuwa 4 shi ne daidai, ya wuce 4 sai mu rubuta babban jariri, ya kai 4.5 kuwa kowa a ɗakin sai ya gyara tsayuwa.

Maman Hanifa amsar tambayarki ta mai da zaƙi. Shi wannan kitsen da aka auna ba man miya kaɗai ke kawo shi ba. Duk zaƙi da sitaci da kika ci ya fi ƙarfin buƙatar jikinki, hanta ce ke karɓa ta juya shi ya koma kitse ta sako shi cikin jini. Sukari, zuma, molt, lemo, biredin Agegen nan naku mai laushi, farar shinkafa, semo, duk can suke ƙarewa. Ba kin ga ragon layya ba, wa yake ba shi mai? Dusa da hatsi ake ɗura masa ya yi kitse.

Maman Hanifa, Agege:
Innalillahi Sista kamar kina cikin gidana 😭 Molt biyu nake sha kullum da madara a ciki wai dan ƙarin jini, da safe shayi mai kauri da rabin biredi, da daddare in zafin garin nan ya dame ni fura da sukari mai sanyi. Ni kuma ina can ina ta rage manja a miya ashe ba nan gizo ke saƙar ba

Anti Bilki, Ikorodu:
Molt da madara ba ya ƙara jini ƙanwata, wannan maganar ta cinye kuɗin mazan Legas kawai. Ƙwayoyin da ake ba ki a wajen awo su ne na ƙarin jini, da su hanta kaɗan, nama, wake, ganye. Ni a lab nake aiki, ina so in tambaye ki abu biyu, kin ci abinci kafin a ɗebi jinin? Dan wannan gwajin an fi so a yi shi bayan awa 9 zuwa 12 ba ki ci komai ba sai ruwa, in kin karya da shayi da biredi kika je dole ya nuna sama. Na biyu, wancan lambar da ke gefen takardar da ta ce ƙasa da 150 shi ne daidai, na wanda ba shi da ciki ne. Kowace mace mai ciki kitsen jininta yana hawa, kafin wata tara yana ninkawa biyu har uku, kwalastarol ma yana ƙaruwa da kamar kwata zuwa rabi. Haka Allah ya tsara. Saboda haka kar ki ga 320 ki ga 150 ki ce kin mutu. Yana sama-sama dai ga sati 30, amma ba lambar tashin hankali ba ce.

Maman Hanifa, Agege:
Ban ci komai ba Anti, tun tuwon dare. Da sassafe na fita ma amma gwosulo ya riƙe mu a Iyana Ipaja sai wajen goma aka ɗiba, har jiri nake gani

Ummu Sudais, Mile 12:
to kunji ma, tunda kowa nashi yana hawa meye na tsorata mutane

Dakta Safiya, Surulere:
Assalamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na ga zancen. Ummu Sudais tambayarki tana kan hanya, bari in yi bayani dalla-dalla ko da zai yi tsawo.

A watannin farko jikin mace tara kitse yake yi, ajiya. Daga tsakiyar ciki mabiyiya takan fara fitar da wasu sinadarai da ke sa jikin uwa ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, dalili kuwa don uwa ta koma ƙona kitsen da ta tara, ta bar wa yaro suga. Shi ya sa kitse ke yawa a jini a wata bakwai zuwa tara. Hikima ce. Matsalar tana zuwa ne idan mace ta shiga cikin da ƙiba, ko jikinta dama can yana gardama da insulin, ko abincinta zaƙi ya yi yawa, sai hawan ya wuce na kowa.

Tun 1952 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Pedersen, ya bayyana yadda suga ke ƙara wa jariri girma: sugan uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin yaro, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa, sai yaron ya riƙa yin nasa da yawa, shi kuma insulin a jikin ɗan tayi taki ne, yana sa shi girma da tara kitse. Shekaru da yawa a kan suga kawai aka tsaya. Daga baya aka lura akwai matan da suganta daidai yake, ko masu ciwon sugan da suka kiyaye shi tsaf, amma duk da haka su haifi manya. Da aka duba sai aka ga da yawansu tiraigilisaraid ɗinsu ya yi sama, kuma sau da yawa kwalastarol mai kyau da ake kira HDL ya yi ƙasa. Shi kitsen ba ya ratsa mabiyiya yadda yake, ya yi girma, amma a jikin mabiyiyar akwai sinadaran da ke daddatsa shi ƙanana su wuce, yaro ya karɓa ya ajiye. To kin ga hanyar abinci biyu ce zuwa wajensa, gwajin da aka yi miki a sati 26 ɗaya kawai ya duba.

Kuma a watanni ukun ƙarshe ne yaro ke tara mafi yawan kitsensa, a makonnin ƙarshe yana ƙara kamar giram 200 duk sati. Ke yanzu kike shiga wannan lokacin, shi ya sa likitanki ya yi magana yanzu bai bari sai wata tara ba.

Sista Rabi, Ketu:
Dakta Allah ya saka. Ni shi ya sa nake ganin da ma duk mai zuwa awo a riƙa yi mata wannan gwajin kamar yadda ake na suga da na jini

Dakta Safiya, Surulere:
Nan kam ban bi ki ba Sista. Suga muna da iyaka da aka yarda da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta ce bayan gulukos giram 75, in na kafin sha ya kai 92, ko na awa ɗaya 180, ko na awa biyu 153, ciwon sugan ciki ne, kuma mun san abin da za mu yi. Kitsen jini kuwa har yau babu lamba ɗaya da aka haɗu a kai a ce daga nan yaro zai yi girma, kuma in ma mun gani, shawarar dai ita ce ta abinci da motsa jiki wadda dama za mu ba ta kyauta. Magungunan rage kwalastarol da ake ba sauran mutane yawanci tsayar da su ake yi in an samu ciki. To mace ta taso daga Alaba Rago da kuɗin mota da ƙyar, in ɗora mata kuɗin gwajin da ba zai canza komai ba? Wadda na ga tana da ƙiba, ko ta taɓa haifar babba, ko a gidansu akwai matsalar kitse, ita zan tura. Inda lambar ke zama abin gaggawa shi ne ta haura 500, balle 1000, nan tsoron kumburin fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, ake yi, ciwon ciki ne mai tsanani da amai, wannan kwanciya ce a asibiti.

Sista Rabi, Ketu:
Na ji Dakta, amma matanmu sai sun ga takarda suke yarda. Ki yi ta cewa a rage molt ba mai ji, ranar da ta ga lamba da jan biro ranar take ajiyewa. Ga misali nan a gabanmu 😂

Maman Hanifa, Agege:
Ai kuwa Sista ba ki yi ƙarya ba

Hajiya Inna, Idi-Araba:
To duk wannan dogon turancin ba zaƙin da na faɗa tun farko ba ne? Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi.

Dakta Safiya, Surulere:
Hajiya ranki ya daɗe rabi kun faɗa daidai, iyayenmu da suka hana mai ciki yawan rake da zuma sun hango wani abu. Inda muka rabu shi ne maganin. Wannan farin abu mai yauƙi da ke fita gab da haihuwa da ake cewa zaƙi ne ke zuba, majina ce da ke toshe bakin mahaifa tun farkon ciki, kowace mace tana da ita ko ba ta taɓa lasar sukari ba. Zaƙin da aka sha kuwa ya riga ya zama kitse a kafaɗar yaro, babu jiƙon da zai narkar da shi a wata tara. Wasu jiƙe-jiƙen ma murɗa mahaifa suke yi da ƙarfi, in yaro babba ne hanya ba ta isa ba, ana tura mota ne a bango. Sannan Hajiya ku lokacinku daka kuke yi da surfe da ɗiban ruwa, tuwon dawa da gero kuke ci. Mu nan ɗaki ɗaya a bene, injin markaɗe a ƙofar gida, keke har bakin layi. Dabino kuma ba a hana ba, biyu uku ya isa, ba a zauna da leda guda ba.

Maman Ilham, Ojo:
Tun ɗazu nake karantawa ina ta tunanin in yi magana ko in yi shiru. Hajiya Inna ki yi haƙuri ke uwa ce, amma ni kalmar nan ta ƙaton yaro arziki ne ta daina min daɗi. Ɗana na biyu 4.7 ya zo. Duk cikin nan ba a taɓa min gwajin suga ba balle na kitse, awo sau uku na je a wani ƙaramin asibiti kusa da mu, kowa na yaba cikin wai ya yi kyau. Ranar haihuwa kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ba zan manta ba yadda ɗakin ya rikice, nas biyu suka danne min ƙafafu har ƙirji wata na danna min mara ana ta kiran likita, mintunan nan kamar shekara. Allah ya sa ya fito da rai amma hannunsa na dama a saki yake ba ya motsi, suka ce jijiyar wuya ce ta ja. Ni kuma jini ya ɓalle sai da aka ƙara min leda biyu. Wata takwas muna zirga-zirgar gashin hannu daga Ojo, wanda ya san hanyar Mile 2 ya san me nake nufi. Alhamdulillah yanzu shekararsa huɗu yana ɗagawa amma bai kai ɗayan ba, da hagu yake cin abinci mutane na ta yi masa faɗa ba su san dalili ba. Ranar suna kuwa mata sai ɗaga shi suke ana kai wannan ai ɗan wata uku ne tubarkallah, ni ina kwance ko zama ba na iyawa.

Hajiya Inna, Idi-Araba:
Subhanallah. Allah ya ba shi lafiya 'yata, ya sa kaffara ne. Ban san haka ba.

Ummu Sudais, Mile 12:
Allah sarki maman ilham wlh jikina yayi sanyi. amma dai har yanzu ina kan bakana akwai masu yanka mutane dan kudi

Sista Rabi, Ketu:
Akwai, ba wanda ya musa. Maganinsa ki nemi ganin likita na biyu a asibitin gwamnati, ga Ayinke House a Ikeja, ga Island Maternity, ga LUTH a ƙofar gidan su Hajiya Inna. Kuma ku sani girman yaro shi kaɗai ba ya sa a ce sai aiki, a ƙa'idar likitocin Amurka sai ƙiyasi ya kai kilo 5 ga wadda ba ta da suga, ko 4.5 ga mai suga, ake kawo zancen aiki tun kafin naƙuda. Mata nawa na karɓi 4.1 da 4.2 a hannunsu lafiya. Wata dama doguwa ce mijinta dogo, yaransu manya suke zuwa, namiji kuma ya fi mace nauyi, cikin da ya wuce watansa ma haka. Irin na Maman Ilham ɗin ne muke tsoro, wanda kitse ya taru a kafaɗa da ƙirji ya fi kai faɗi. Abin da ba na so shi ne a san yaro babba ne kuma a zauna a gida ana jiran ikon Allah kwana biyu, daga nan ake samun yoyon fitsari.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba, irin waɗannan manyan bayan an yanke cibiya sugansu na iya faɗuwa, dan sun saba yin insulin da yawa ga shi an katse musu hanya. Shi ya sa muke cewa a sa shi a nono cikin awa ɗaya, dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar shi ne maganin. In kin ga yana rawar jiki ko ya cika barci ba ya kama nono a kira nas.

Maman Zahra Kayan Mata:
Assalamu alaikum akwai ingantaccen haɗin narkar da kitsen jini da na zaƙi, mai ciki na sha, muna aikawa ko'ina a Legas, a min magana ta akwati

Admin:
Maman Zahra na goge sauran tallan, wannan gargaɗi na biyu kenan. Ba a tallan magani ga masu ciki a gidan nan.

Maman Hanifa, Agege:
Na gode ƙwarai wlh na ji sanyi. Maman Ilham Allah ya ƙara masa lafiya. To Dakta yanzu me zan ci? Dan in aka cire biredi da shinkafa da semo a garin nan ban san me ya rage ba, kuma tsoro nake kar in rage ci yaron ya rame

Dakta Safiya, Surulere:
Kar ki kuskura ki yi wa kanki horon yunwa, mai ciki ba ta rage ƙiba. Musanya za ki yi. Abin sha mai zaƙi shi ne na farko, molt da lemo da zoɓo mai sukari ki ajiye su gaba ɗaya, wannan kaɗai babban aiki ne. Fura ki dama da nonon da aka dafa ba sukari. Da safe maimakon biredi ki yi alale ko ƙwai ko ɗan wake ko kunun gero mara sukari. Tuwo malmala ɗaya na dawa ko acca ko alkama, miya ta fi tuwon yawa, kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu, ugu ma da maƙwabtanku ke sayarwa. Shinkafa in za ki ci ki sa wake ya rinjaye ta. Kifi taitus ko sadin sau biyu a sati, man da ke jikinsa yana taimakawa wajen sauke wannan kitsen. Soye-soye da tozo da man shanu a sassauta, amma manjan miya cokali biyu ba shi ne abokin gabarki ba. Bayan kin ci abinci ki taka na minti 15 zuwa 20 ko a cikin layi ne, a sati a samu kamar minti 150 in likitanki bai hana ba. Nauyin da ake so mace ta ƙara duk cikin, mai matsakaicin jiki kilo 11.5 zuwa 16, mai ɗan jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9, duba katinki ki ga ina kike. Kuma ki roƙi likitan ya sake duba suga, wata yana ɓoyewa a sati 26 ya fito a 32. Bayan kin yi arba'in ki koma a sake auna duka biyun, kuma lokacin jego a yi hankali da kunun kanwa mai sukari kofi-kofi.

Anti Bilki, Ikorodu:
In za ki koma gwajin ki tafi da abin karyawarki a jaka, kar ki sake tsayawa da jiri a titi

Maman Hanifa, Agege:
Toh. Na duba katin, da 78 na fara yanzu 89 🙈 Wani abin dariya ina cikin karanta saƙon Dakta Abban Hanifa ya shigo da katan ɗin molt a kafaɗa wai an yi masa ragi a kasuwa. Na ba shi wayar yana zaune yana karantawa, ya kai kan labarin Maman Ilham ya yi shiru. Ummu Sudais dan Allah nawa mudun acca yanzu a Mile 12, nan wajenmu ba na samu

Ummu Sudais, Mile 12:
bari mijina ya dawo in tambayeshi akwai yan jos da suke kawowa. katan din kuma in bakwa so ni banda ciki a aiko min